Suna a Kundi, Rufi Na Yoyo: Wuraren Tarihi a Gundumar Chase ta Jihar Kansas

Tsakure

Takardar ta dubi yadda dokar adana wuraren tarihi ta Amurka take aiki a karkara, ta hanyar ɗaukar gundumar Chase ta jihar Kansas a matsayin zakaran gwajin dafi, tare da leƙa garin Nicodemus da ke gundumar Graham don kwatance. Abin da take son tabbatarwa shi ne an tsara dokar 1966 don ta tare motar rusau a birane, alhali abin da ke kashe tsofaffin gine-gine a karkara shi ne watsewar jama'a. Shigar da gini cikin kundin gwamnati yana ba shi daraja, yana kuma buɗe masa ƙofar neman kuɗi, amma ba ya tsayar da shi a kan ƙafafunsa.

Gabatarwa

Duk wanda ya ji an ce gwamnatin tarayyar Amurka ta sa wani gini cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ginin ya tsira ke nan, babu mai taɓa shi. Ba haka abin yake ba. Mai gini yana da ikon ya rushe abinsa washegarin ranar da aka sa shi a kundi, muddin da kuɗinsa zai yi, kuma dokar tarayya ba za ta ce masa uffan ba. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, a rubuce yake. Abin tambaya shi ne, idan haka ne, me kundin yake karewa, kuma daga hannun wa?

Na zaɓi gundumar Chase saboda ƙanƙantarta ta sa ana ganin komai a fili. Tana tsakiyar tuddan Flint a gabashin Kansas, ƙasar kiwon shanu ce, kuma a ƙidayar 2020 mutanenta 2,572 ne kacal. A shekarar 1900 sun haura 8,000. Ma'ana dai kusan duk wani babban gini da ke cikinta an yi shi ne don jama'ar da ta ninka ta yau sau uku.

Asalin dokar da abin da ta ƙunsa

A ranar 15 ga Oktoba 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar adana wuraren tarihi ta ƙasa. Ɓarnar da ta haifar da dokar ɓarnar birni ce. Tun daga 1956 gwamnatin tarayya ke shimfiɗa manyan tituna suna ratsa tsakiyar birane, ga kuma shirin sabunta unguwanni da ke share tsofaffin gidaje layi-layi. A 1963 aka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a birnin New York, abin da ya tayar da hankalin mutane da yawa. Yawancin rusau na tituna da na sabunta unguwanni da kuɗin tarayya aka yi shi, saboda haka da majalisa ta tashi magance matsalar, hannun gwamnati ta ɗaure, ta bar na mai dukiya a sake.

Dokar ta kafa kundin, ta ɗora kula da shi a wuyan hukumar gandayen ƙasa, ta sa kowace jiha ta naɗa jami'in adana tarihi. Ƙashin bayanta shi ne sashe na 106, wanda ya ce duk hukumar tarayya da za ta yi aiki, ko ta ba da kuɗi, ko ta ba da lasisi, sai ta fara duba yadda aikin zai shafi wurin da ke kundi ko wanda ya cancanci shiga. A lura, dubawa aka ce, ba a ce haramun ne a taɓa ba. Bayan an duba, an zauna, an yi shawara, aikin yana iya ci gaba. A 1980 kuma aka ƙara wani gyara da ya ba mai dukiya damar ya ƙi yarda a sa wurinsa a kundin tun farko.

Kafin wuri ya shiga, sai ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa huɗu: alaƙa da wani muhimmin al'amari na tarihi, ko da wani fitaccen mutum, ko ƙwarewar gini, ko kuwa yiwuwar ƙasarsa ta ba masu tono bayani. Galibi ana so ya kai shekara 50. Sannan akwai sharaɗin da zan daɗe a kansa nan gaba, wato wurin ya kasance bai rabu da kamanninsa na asali ba. Wuraren da ke kundin sun haura 95,000. A samansu akwai wani mataki mai tsauri na wuraren da aka ce darajarsu ta ƙasa baki ɗaya ce, su kuma ba su wuce 2,600 da 'yan kai ba.

Ginin da aiki ya riƙe

A ƙarshen babban titin Cottonwood Falls, hedikwatar gundumar, ginin kotu yake tsaye. An gama shi a 1873, John G. Haskell ne ya zana shi, mutumin da yake da hannu a ginin majalisar jihar da ke Topeka. Da farin dutsen da ake haƙowa a nan yankin aka yi shi, aka yi masa jan rufi irin na Faransa, a ciki kuma akwai matakalar katako mai murɗawa har hawa uku. Ya shiga kundi a 1971. Shi ne ginin kotu mafi tsufa a Kansas da har yanzu ake aiki a cikinsa.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce sirrinsa. Lokacin da aka sa shi a kundi ya riga ya shekara 98 a tsaye ba tare da wata takardar Washington ba. Abin da ya riƙe shi shi ne alƙali yana zama, ana rajistar filaye, ana biyan haraji, saboda haka idan rufi ya fara yoyo akwai ma'aikacin da ruwan zai ɗigo wa a kan tebur, akwai kuma kasafin kuɗin da za a ciro na gyara. Kundin ya taimaka daga baya, don ya ba gundumar damar neman tallafi, ya kuma jawo masu yawon buɗe ido. Amma a ganina wanda ya ce kundi ne ya ceci wannan gini ya juya labarin: tsiran ginin ne ya sa kundi ya same shi.

A kwatanta shi da injin niƙa na Cedar Point a yammacin gundumar. Shi ma ginin dutse ne, na 1875, a bakin kogin Cottonwood, ruwan kogin ne ke juya shi a zamaninsa. Yana cikin kundi ɗaya da kotun, a mataki ɗaya. Amma da niƙa ta mutu, garin ya zube, ba wanda ke shiga ciki kullum. Bango ya tsage, kogi yana cin gindinsa, takardar kundin kuwa tana nan lafiya lau a cikin fayil. Sai da wata ƙungiyar sa-kai ta karɓe shi aka fara ƙoƙarin tallabe shi. Babu ɗan kwangilar da ya taɓa kwaɗayin filin. Sashe na 106 ba shi da abin cewa, domin babu hukumar da ta nufi ginin da sharri, ruwa ne da sanyi da rashin mutane.

Inda dokar take da haƙori a karkara shi ne kan gadoji, tunda kuɗin hanya yakan fito daga tarayya. Baya ga sashe na 106, dokar ma'aikatar sufuri ta 1966 ta hana a yi amfani da wurin tarihi wajen aikin hanya sai idan babu wata mafita mai ma'ana. Gadar dutse mai baka biyu da ke Clements, wadda aka gina a shekarun 1880, tana nan, an yi sabuwa a kusa da ita, motoci sun koma can. To amma gadar da ba a bi ta zama nauyi a kan ƙaramar gunduma, domin sai an kula da ita alhali ba ta cikin hanyoyin da jama'a ke kuka a kansu.

Kuɗin gyara

Babban kwaɗayin da tarayya ta rataya wa kundin shi ne rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyara. Sharaɗinsa shi ne ginin ya zama mai kawo kuɗin shiga. A birni wannan ya yi aiki sosai, tsofaffin masana'antu da ɗakunan ajiya sun koma gidajen haya da otal-otal. A ƙauyen da mutanensa ba su kai ɗari ba fa? Wa zai kama haya a makarantar ɗaki ɗaya da ke tsakiyar makiyaya? Rangwamen haraji na mai riba ne, wanda ba shi da riba ba shi da abin da za a rangwanta masa.

Jihar Kansas ta yi ƙoƙarin toshe wannan gurbi da nata rangwamen da kuma wani asusun tallafi da ake nema ta hanyar gasa, wanda mai nema zai kawo wani kaso daga aljihunsa. Tana kuma da dokarta ta 1977 wadda ta fi ta tarayya ƙarfi, domin ta ce a nemi ra'ayin jami'in adana tarihi kafin ƙaramar hukuma ta ba da izinin aikin da zai shafi wurin da ke kundi. Da can har kewayen wurin dokar ta rufe, amma a 2013 majalisar jihar ta cire wannan ɓangare. Ko ba a cire ba ma, dokar da ta rataya a kan izinin gini ba ta da abin kamawa a wajen gari, inda sau da yawa manomi ba ya neman izinin kowa kafin ya ture tsohon rumbunsa.

Gandun Spring Hill da tsoron gwamnati

Arewa da Strong City akwai wurin da ya fi kowane suna a gundumar. Stephen F. Jones, wani attajirin shanu, ya iso yankin a 1878, ya gina katafaren gidan dutse a 1881 da ginin dabbobi mai hawa uku, ya kewaye filinsa da katangar dutse mai tsawon mil kusan 30. Shi ne ya ba da filin da aka gina makarantar Lower Fox Creek a 1882, wadda aka rufe a 1930. Bai daɗe ba, a 1888 ya sayar wa maƙwabcinsa Barney Lantry.

Darajar wurin ba ta tsaya a kan gine-ginen ba. Filin dogayen ciyayi da ya taɓa rufe eka miliyan 170 na Arewacin Amurka, abin da ya rage daga cikinsa bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, kuma mafi yawansa a tuddan Flint yake. Dalili kuwa shi ne dutse ya yi kusa da saman ƙasa, garma ba ta shiga. Abin da ya hana manomi noma shi ya bar wa makiyayi ciyawa.

Da aka kawo shawarar mayar da gandun hannun hukumar gandayen ƙasa a ƙarshen shekarun 1980, gundumar ta rabu biyu. 'Yan kasuwar gari suna hangen baƙi, makiyaya kuwa suna hangen ƙwacen fili. Tsoron nasu yana da tarihi, don tun a 1961 wani makiyayi a wata gunduma ta Kansas ya kori sakataren harkokin cikin gida Stewart Udall daga filinsa lokacin da ya zo duba wurin da za a yi irin wannan gandu. Sanata Nancy Kassebaum ce ta ja ragamar sulhu. Dokar da aka sa wa hannu ranar 12 ga Nuwamba 1996 ta kafa gandun mai faɗin eka kusan 11,000, amma ta ce gwamnatin tarayya ba za ta mallaki fiye da eka 180 a ciki ba. Sauran filin yana hannun ƙungiya mai zaman kanta, tun 2005 kuma The Nature Conservancy ce ke riƙe da shi. A 1997 aka ɗaga gandun zuwa mataki na sama na wuraren tarihi, a 2009 aka dawo da ɓaunar Amurka cikinsa.

Darasin da ke nan a wurina shi ne mutanen karkara ba tarihi suke ƙi ba, ikon da ke zuwa daga nesa suke tsoro. Raunin dokar 1966 da na yi ta nunawa shi ne kuma farashin karɓuwarta. Da ta ɗaure hannun mai dukiya, da wuya makiyayin Chase ya bar jami'i ya leƙa rumbun kakansa, balle ya sa hannu a takarda.

Waɗanda ba su bar dutse ba

Yanzu sai sharaɗin kamannin asali. Jami'ai suna auna shi ta fuska bakwai, daga ciki akwai wurin da ginin yake, da kayan da aka yi shi da su, da aikin hannun magina. A zahiri sharaɗi ne mai ma'ana, ba a so a sa wa sabon abu sunan tsoho. Amma a aikace yana tace tarihi ta hanyar aljihu. Wanda ya yi gini da dutse ya wuce, wanda ya yi da ƙasa da ciyawa ya faɗi, ba don tarihinsa ya gaza ba sai don kayan gininsa sun koma inda suka fito. Mu da muka tashi a gidajen ƙasa mun san wannan ba sai an faɗa mana ba: soron da aka daina yi wa yaɓe damina kaɗan yake jira.

A shekarar da aka gama ginin kotun Cottonwood Falls, 1873, a cikinta aka kwashe ƙabilar Kaw daga yankin Council Grove da ke maƙwabtaka, aka kai su ƙasar da ta zama Oklahoma a yau. Daga sunansu jihar ta samo nata. Mai bin fitattun wuraren gundumar Chase ɗaya bayan ɗaya zai ga kotu, da gada, da gidan attajiri, da makaranta, sai ya ɗauka tarihin wurin ya fara ne ranar da aka fara fasa dutse. Hukumar gandayen ƙasa ta gane wannan giɓi, shi ya sa a 1989 da 1990 ta fitar da jagorori kan filayen karkara da kuma wuraren da al'umma ke girmamawa bisa al'ada, a 1992 kuma aka gyara doka aka ba ƙabilu damar naɗa nasu jami'an. Gyara ne mai kyau, sai dai ya zo bayan an shafe shekaru 20 da wani abu ana cika kundin da ma'auni na farko.

Nicodemus, a gundumar Graham da ke arewa maso yammacin jihar, ya nuna matsalar ta wata fuska. Baƙaƙen fata ne suka kafa garin a 1877, yawancinsu daga Kentucky, mutanen da suka fito daga bauta suna neman filin kansu a ƙarƙashin dokar 1862 da ke ba da eka 160 ga wanda ya zauna ya noma. Da suka iso babu itacen gini, sai suka haƙa ɗakuna a jikin tudu suka rufe da ciyawa da ƙasa, a ciki suka yi hunturun farko. Garin ya bunƙasa har ya fitar da Edward P. McCabe, wanda aka zaɓa mai binciken kuɗin jihar a 1882. Sai layin dogo ya kauce masa a 1888, ya bi ta Bogue, 'yan kasuwa suka bi jirgi.

An ɗaga Nicodemus zuwa mataki na sama a 1976, sannan dokar nan ta 12 ga Nuwamba 1996, wadda ta kafa gandun Chase, ita ce ta mai da shi wurin tarihi na ƙasa a ƙarƙashin hukumar gandaye. Gine-gine biyar aka ware: coci biyu, makaranta, tsohon masauki, da zauren taron gari na 1939. A duba da kyau, babu ɗakin rami ko ɗaya a cikinsu. Abin da ya fi komai bayyana wahalar da aka sha wajen kafa garin sai masu tono ne suka bi sawunsa a ƙarƙashin ƙasa daga baya. Mazauna garin a yau ba su kai 50 ba. Duk da haka, a ƙarshen watan Yulin kowace shekara zuriyar waɗanda suka kafa shi suna dawowa daga jihohi daban-daban don bikin tunawa da 'yanci, al'adar da ta faro tun ƙarni na 19. Su ne suka matsa har majalisa ta yi dokar. Da babu su, da babu wanda zai cika takardar neman shiga kundi, domin kundin ba ya fita neman wurare, kawo masa ake yi. Cika takardar kuwa aiki ne mai cin lokaci da bincike, wani lokaci sai an ɗauki ƙwararre. Gundumar da ke da ƙungiyar tarihi mai rai jerinta zai yi tsawo, wadda ba ta da ita nata zai gajarce, ko da kuwa ta fi abin tunawa.

Wani zai ce na matsa wa dokar, tunda ba ita ta kori mutane daga karkara ba, injinan noma ne da haɗe makarantu da manyan tituna suka yi. Gaskiya ne, kuma ba na neman doka ta dawo da mutum 8,000 gundumar Chase. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki tsawon jerin wurare a matsayin ma'aunin lafiyarsu. Rahoton da ya ce gunduma kaza tana da wurare kaza a kundi bai gaya mana ko nawa ne ke da rufi ba, kuma ba a cire wuri daga kundin sai an kai rahoton cewa ya rushe ko ya canza kama.

Saboda haka ina kira ga abokan nazari da ke aiki da irin waɗannan jerin sunaye, a Amurka ne ko a wata ƙasa, su ƙara ginshiƙai uku a gefen kowane suna: wa ya mallaki wurin, me ake yi a cikinsa a yau, kuma daga aljihun wa kuɗin gyaransa na ƙarshe ya fito.